Ana ta cewa za a canza dokar bizar ɗalibai: in biya kuɗin makaranta ko in jira?

Tambaya: Na samu gurbin digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'a a Birtaniya, za a fara a Satumba 2026, kuma sun ce sai na biya kafin alƙalami za su ba ni takardar CAS, wato takardar tabbatar da gurbi da ake neman biza da ita. Ina da mata da yaro ɗaya. Kullum da sabon labarin da nake ji: wai za a soke bizar aiki ta bayan karatu, wai an hana zuwa da iyali, wai Kanada ma ta rufe ƙofa. In biya, ko in dakata har ƙura ta lafa, ko in nemi wata ƙasar?

Amsa: Ɗan'uwa, barka da samun gurbi, Allah Ya sanya albarka. Maganar jiran ƙura ta lafa kam ka cire ta daga lissafi, domin tun daga 2023 babu shekarar da Birtaniya ba ta taɓa dokar ɗaliban ƙasashen waje ba, haka ma Kanada da Ostareliya. Wanda ya ce sai an daina canji zai tafi, zai daɗe a zaune. Abin da zai fisshe ka shi ne ka iya tantance labaran da kake ji, sannan ka san wace rana ce doka take kama ka.

Labaran nan iri uku ne, amma a waya duk kama ɗaya suke yi. Akwai maganar da minista ya faɗa ko jarida ta ce ana tunani. Akwai shawarar da gwamnati ta rubuta ta wallafa. Sai kuma doka da aka shigar cikin kundin shige da fice aka sa mata ranar fara aiki. Ta ukun ce kaɗai jami'in biza yake dubawa idan takardunka suna gabansa.

Ka dubi abin da ya faru da bizar Graduate, wato wadda ke ba ɗalibi damar zama ya yi aiki bayan ya kammala. A Disamba 2023 ministan cikin gida James Cleverly ya ce za a sake nazarinta, sai labari ya bazu cewa an soke ta. Na san waɗanda suka ajiye gurbinsu saboda wannan tsoron. A Mayu 2024 kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙaura, ƙarƙashin Farfesa Brian Bell, ya fitar da rahotonsa ya ce a bar ta yadda take, aka kuma bar ta. A Ostareliya gwamnati ta kai kudirin taƙaita sababbin ɗalibai zuwa 270,000 a 2025, amma ya kasa samun goyon bayan da zai wuce majalisar dattawa a Nuwamba 2024. A Amurka an kawo shawarar sa wa bizar ɗalibi wa'adi ƙayyadadde a Satumba 2020, aka janye ta a Yuli 2021.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka duk barazana ce kawai. Shawarar da ta mutu sau da yawa tana dawowa da wata riga. Ostareliya da ta kasa a majalisa, a Disamba 2024 ta bi ta umarnin minista, inda ake rage saurin duba takardun makarantar da ta kusa cika kasonta. Amurka ta sake fito da shawarar wa'adin a Agusta 2025. Ita ma bizar Graduate ɗin da ta tsira a 2024, farar takardar (wato takardar shawarwarin sauya doka) da gwamnatin Birtaniya ta Keir Starmer ta fitar ranar 12 ga Mayu 2025 ta ce za a rage ta daga shekara biyu zuwa wata 18. A Oktoba 2025 aka mayar da hakan doka, aka ce zai shafi duk wanda ya nema daga 1 ga Janairu 2027. Masu digiri na uku an bar musu shekara ukunsu. Ka ga yadda abin ya bi mataki-mataki: magana, takarda, doka, sannan ranar fara aiki, kusan wata ashirin tsakanin takardar da ranar. Yawancin manyan canje-canje a Birtaniya haka suke zuwa, ba dare ɗaya ba.

To yanzu batun rana, wanda shi ne inda ɗalibai suka fi yin kuskure. Bizar karatu daban, bizar Graduate daban. Nema biyu ne, kuɗi biyu, kuma kowace ana yanke hukunci a kanta ne da dokar da ke aiki a lokacin da ka nema. Ba a yi maka alkawarin ta biyu ranar da aka ba ka ta farko. Kai da za ka fara a Satumba 2026, za ka gama a kakar 2027, don haka wata 18 ne rabonka bisa dokar da aka riga aka rubuta, kuma duk ejan ɗin da ya ce maka shekara biyu ce, ko dai bai sabunta iliminsa ba ko kuma kamashonsa yake kallo.

Ka ɗauki wanda ya riga ka da shekara guda, ya fara a Satumba 2025. Ya miƙa kundin bincikensa a Satumba 2026, sakamako ya fito a Nuwamba, jami'a ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa ya kammala, ya nema a farkon Disamba: shekara biyu. Abokinsa da suke aji ɗaya ya faɗi darasi guda, sai ya maimaita jarrabawa, sakamakonsa bai fito ba sai Fabrairu 2027: wata 18, in ma bizarsa ta karatu ba ta ƙare ba kafin nan, domin dole ne ka nemi Graduate kana cikin ƙasar kuma bizar karatunka da ranta. Darasi ɗaya ya ci masa wata shida na aiki. Dalilin da ya sa nake ce wa ɗalibai su riƙi karatun da muhimmanci ke nan fiye da bibiyar labarai, don shi ne abin da ke hannunsu.

Maganar iyali kuwa ba ji-ta-ji-ta ba ce, kuma ba zan ɓoye maka ba. An sanar da dokar a Mayu 2023 lokacin da Suella Braverman take ministar cikin gida, ta fara aiki 1 ga Janairu 2024. Ɗalibin digiri na biyu na koyarwa, irin wanda ake shiga aji a yi jarrabawa a rubuta kundi a shekara guda, ba zai zo da mata ko 'ya'ya a kan bizarsa ba. Waɗanda aka bari su ne masu digiri na uku, da masu digirin gaba da na farko wanda ginshiƙinsa bincike ne, da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsu a kwas ɗin da ya wuce wata shida. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne bizar iyalan ɗalibai ta tashi daga kimanin 16,000 a 2019 zuwa kimanin 136,000 a 2022. Akwai kuma wani abu da mutane ba sa lura da shi: a bizar Graduate ma, waɗanda za su iya zama tare da kai su ne waɗanda tun farko suke kan bizarka ta karatu. Ma'ana idan ka tafi kai kaɗai, ka kuma zauna ka ci wata 18 ɗin, rabuwar ba ta shekara ɗaya ba ce, tana iya haura biyu da rabi, sai dai ziyara. Maiɗakinka za ta iya neman bizar ziyara, amma wannan nema ne mai zaman kansa, sai ta gamsar da su za ta koma, kuma ba hanyar zama ba ce.

Za ka haɗu da masu ce maka ka canza zuwa digirin bincike na shekara ɗaya don kawai ka samu tafiya da iyali. Idan da gaske bincike kake so, kana da maudu'i, ka samu malamin da zai duba ka, to hanya ce halattacciya. Idan kuwa don iyalin ne kaɗai, ka sani jami'o'i sun gane wannan, suna tsananta hira kafin su ba da CAS, kuma wanda ya shiga bincike ba da sha'awa ba yakan wahala sosai, domin babu aji kullum da zai riƙa tura shi. Wannan shawara ce da ya kamata ku zauna kai da maiɗakinka ku yanke tare, da alƙaluma a gabanku, tun kafin ka tura ko fam ɗaya. Na ga gidajen da rashin wannan zaman ya jigata fiye da rashin kuɗi.

Canjin da ya fi yawan faruwa, wanda kuma ba ya cika jaridu, na kuɗi ne. Harajin lafiya na ɗalibi ya tashi daga fam 470 zuwa fam 776 a shekara a Fabrairu 2024, kuma da yake bizar digiri na biyu na wata 12 tana ɗan haura shekara, abin da akan biya shi ne na shekara ɗaya da rabi, fam 1,164. Kuɗin bizar kanta ya koma fam 524 a Afrilu 2025. Kuɗin zama da ake so ka nuna a banki an ƙara shi a Janairu 2025, aka sake ƙarawa a Nuwamba 2025, ya kai fam 1,529 a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,171 ga na wajen Landan, na wata tara. Wato fam 13,761 ko fam 10,539, ban da ragowar kuɗin makarantar shekarar farko da ba ka biya ba. Dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko na yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta bayanin asusun kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka nema. Idan kuɗinka ba a fam suke ba, da canjin ranar nema ake lissafa su, ba na ranar da ka zuba ba. A nan ne ake yawan faɗuwa: mutum ya zuba daidai wa daida, kuɗin ƙasarsa ya ɗan sauka a cikin kwanakin 28, sai a ƙi shi saboda gibin da bai kai fam ɗari ba. Ka ɗora wani abu mai kauri a sama, ka kuma sake duba adadin a shafin gwamnatin Birtaniya ranar da za ka fara ƙirga kwanakin, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani canjin da bai ambaci ɗalibi ba amma a kansa yake ƙarewa. Kowace jami'a da ke ba da CAS tana da lasisi, kuma ana auna ta da abu uku: yawan ɗalibanta da aka hana biza, yawan waɗanda suka zo suka yi rajista, da yawan waɗanda suka kammala. Farar takardar 2025 ta ce a tsaurara ma'aunin: waɗanda aka hana biza su yi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari maimakon 10, masu rajista su kai kashi 95, masu kammalawa kashi 90. Jami'ar da ke tsoron lasisinta ba za ta jira jami'in biza ya ƙi ka ba, ita za ta fara tace ka. Shi ya sa kake ganin kafin alƙalami yana ƙaruwa, ana neman bayanin asusu tun kafin CAS, ana kuma yi maka hira ta bidiyo a tambaye ka me ya sa ka zaɓi wannan kwas, waɗanne darussa ne a ciki, me za ka yi da shi in ka gama. Ka shirya wa wannan hirar da kanka. Amsar da aka haddace daga takardar ejan ana gane ta cikin minti biyu.

Game da juyawa wata ƙasar, ba zan hana ka ba, amma ka juya don kwas ɗin can ya fi maka, ba don kana zaton can babu canji ba. Kanada ta sanar da ƙayyade izinin karatu a 22 ga Janairu 2024, bayan masu riƙe da shi sun haura miliyan ɗaya kuma kukan tsadar gidaje ya yi yawa. Kuɗin zama da ake nunawa ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024, ya koma 22,895 a Satumba 2025. A 8 ga Nuwamba 2024 ta rufe hanyoyin nema na gaggawa, har da wanda aka keɓe wa ɗaliban Najeriya. Izinin aiki na miji ko mata an taƙaita shi daga Janairu 2025 ga iyalan masu digiri na uku, da masu digiri na biyu mai tsawon wata 16 ko fiye, da wasu kwasa-kwasan ƙwararru. Duk da haka, ga mai iyali irinka, digiri na biyu mai shekara biyu a jami'ar Kanada ya cancanci ka duba, don mai digiri na biyu a can yana iya samun izinin aiki na shekara uku bayan karatu. Tsadar ita ce shekara biyu na kuɗin makaranta maimakon ɗaya. Ostareliya ta ɗaga kuɗin biza daga dalarta 710 zuwa 1,600 a Yuli 2024, sannan 2,000 a Yuli 2025, kuma ba a mayarwa idan an ƙi ka.

Amurka ita ce ta bambanta, domin a can ana iya canza abu da sa hannun shugaban ƙasa cikin 'yan kwanaki. A ƙarshen Mayu 2025 aka dakatar da ba da sababbin ranakun hirar bizar ɗalibai, aka dawo a Yuni da sharaɗin mai nema ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba. A Yuni 2025 aka hana 'yan wasu ƙasashe shiga, aka faɗaɗa jerin a Disamba 2025 ya haɗa da Nijar gaba ɗaya, da Najeriya a wasu rukunan biza ciki har da ta ɗalibai. Duk mai tunanin Amurka, fasfonsa zai fara dubawa a wannan jerin kafin ya biya kuɗin neman gurbi.

Za ka iya tambaya, in haka ne me ya hana su rufe ƙofar baki ɗaya? Amsar ita ce gwamnati tana tsakanin matsi biyu. Ɗalibin da ya zauna fiye da wata 12 ana lissafa shi cikin baƙin da suka shigo, kuma adadin masu shigowa bayan an cire masu fita ya haura 900,000 a Birtaniya a 2023, abin da ya zama makamin siyasa. A ɗaya gefen, kuɗin da ɗalibin gida ke biya a Ingila ya tsaya a fam 9,250 daga 2017 har 2025, alhali komai ya yi tsada, don haka kuɗin ɗaliban waje ne ke cike gibin jami'o'i da yawa. Sakamakon haka shi ne karatun kansa ba a cika taɓa shi ba. Abin da ke kewaye da shi ake yankewa: iyali, aikin bayan karatu, hanyar zama na dindindin. Kuma ba yau aka fara ba. An rufe tsohuwar bizar aikin bayan karatu a Afrilu 2012, aka yi shekara tara babu ita, sai a Yuli 2021 aka buɗe Graduate. Abin da aka taɓa rufewa ana iya sake rufewa, abin da aka rufe kuma ana iya buɗewa.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ba duk wanda ya zo mini da irin tambayarka. Ka ɗauka gobe an ce babu bizar aiki bayan karatu kwata-kwata, ka gama ka koma. Wannan digirin, daga wannan jami'ar, a wannan kuɗin, zai biya ka? Idan ka ce e, biya ka tafi, duk abin da ka samu a bayansa ƙari ne. Idan amsar a'a ce, to ba digiri kake saye ba, hanyar zama kake saye, kuma ita ce ainihin abin da ake ta ƙuntatawa. Bizar Graduate sau ɗaya ake ba da ita, ba a sabuntawa, kuma zamanta ba ya shiga lissafin shekarun da ake bi ta bizar aiki a samu zama na dindindin. Kafin ta ƙare sai ka samu kamfani mai lasisi da zai ɗauki nauyinka, kuma daga 22 ga Yuli 2025 mafi ƙarancin albashin da ake nema ya zama fam 41,700 a shekara, ko fam 33,400 ga sabon shiga, aikin kuma ya kasance na matakin digiri in ban da wasu da aka keɓe. A ranar ce kuma aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Farar takardar ta kuma kawo shawarar mayar da shekarun neman zama na dindindin daga biyar zuwa goma. Mai karatun injiniya ko kwamfuta ko fannin lafiya da ke da gogewar aiki a baya yana da fata mai kyau cikin wata 18. Wanda ya ɗauki kwas ɗin da ejan ya zaɓar masa don ya fi arha, bai taɓa aiki a fannin ba, hanyarsa tana da wuya, kuma gara ya ji haka yanzu.

Idan ka tafi, abin da ya fi kowane canjin doka haɗari shi ne ka karya wadda ke akwai. Awa 20 a mako ne iyakar aikinka lokacin karatu, kuma a kowane mako ake ƙirgawa, ba a tara na wannan makon a kai wancan. Ba a yarda ka yi sana'ar kanka ba. Jami'a tana lura da zuwanka aji, kuma idan ta janye ɗaukar nauyinka saboda rashin zuwa ko bashin kuɗin makaranta, akan gajarta bizar zuwa kwana 60. Takardar jabu kuwa, ko ejan ne ya saka ta ba da saninka ba, sunanka ne a kan fom: Birtaniya na iya hana ka shiga na shekara 10, Kanada na shekara 5. Kada ka bari a tura komai da sunanka sai ka karanta shi shafi-shafi.

Kafin ka biya kafin alƙalamin, rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar kai tsaye, ba ta hannun ejan ba, ka nemi amsa a rubuce. Ka tambaye su nawa za su mayar maka idan aka hana ka biza, da ko akwai dalilan ƙi da ba sa mayarwa a kansu, domin da yawa ba sa mayar da kuɗi idan an ƙi ka saboda takardar jabu, wasu ma har da kuskuren bayanin asusu. Ka tambaya ko za su ɗage maka gurbin zuwa Janairu ko Satumba mai zuwa ba tare da kuɗin ya bi ruwa ba, da ranar ƙarshe da suke ba da CAS, da ranar ƙarshe da za ka iya isowa ka yi rajista. Ka kuma nemi su faɗa maka ko kwas ɗin na koyarwa ne ko na bincike kamar yadda za a rubuta a CAS, da watan da suka saba sanar da Ma'aikatar Cikin Gida sakamakon 'yan wannan kwas ɗin. Kana iya neman bizar tun wata shida kafin ranar fara karatu idan CAS ɗinka ta fito, don haka da zarar amsoshin sun gamsar da kai kuma kun daidaita da maiɗakinka, ka fara ƙirga kwana 28 ɗin ka nema da wuri.